Liechtenstein: Ƙasar da Sarki Ke Iya Sallamar Gwamnati, Talakawa Kuma Ke Iya Soke Sarauta

A tsakanin Suwizalan da Ostiriya, a bakin kogin Rhine, akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Liechtenstein. Faɗinta duka-duka murabba'in kilomita 160 ne, tsawonta daga kudu zuwa arewa bai wuce kilomita 25 ba, mutanenta kuma wajen dubu 40 ne, adadin da bai kai na wata babbar unguwa guda a birnin Kano ba. Ba ta da soja tun 1868. Ba ta da filin jirgin sama. Kuɗin Suwizalan take kashewa, Jamusanci kuma take magana da shi. Duk da haka ƙasa ce mai cin gashin kanta, tana da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, tana da sarki, da majalisar dokoki da jama'a ke zaɓa, da kotuna, da kundin tsarin mulki wanda ya haura shekara ɗari.

Abin da ya sa masana siyasa ke yawan leƙa ta shi ne yadda ta raba iko tsakanin fada da akwatin zaɓe. A Ingila, da Sifen, da Holan, da Suwidin, sarki uban ƙasa ne, ana girmama shi, amma mulki yana hannun zaɓaɓɓu. A Liechtenstein sarki yana da iko na gaske. Doka ba ta zama doka sai ya rattaba mata hannu. Yana iya rusa majalisa, yana iya sallamar gwamnati. Sai dai kundin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne kuma ya rubuta, dalla-dalla, hanyar da talakawa za su bi su kawar da sarautar baki ɗaya idan sun gaji da ita.

Ƙasar da aka saya da kuɗi

Gidan sarautar ya girmi ƙasar, sunansa ma ta ɗauka. Dangin Liechtenstein manyan masu filaye ne a Ostiriya da yankin da yau ake kira Jamhuriyar Cek, kuma na hannun daman sarakunan Habsburg ne a Biyenna. Dukiya suna da ita, amma ba su da wata ƙasa da take kai tsaye a ƙarƙashin babban sarkin daular da Habsburg ke jagoranta, wanda shi ne sharaɗin samun kujera a majalisar sarakunan daular. Don haka suka sayi yankin Schellenberg a 1699, suka ƙara da Vaduz a 1712, sannan a 1719 babban sarkin daular, Charles na Shida, ya haɗe yankunan biyu ya mai da su masarauta guda.

Kujerar suke nema, ba mutanen wurin ba. Shi ya sa aka yi sama da shekara 120 babu wani sarki mai ci da ya taka ƙasar, sai a 1842. Wakilai ake turowa daga Biyenna su riƙe talakawa, waɗanda galibinsu manoma ne da makiyaya masu fama da ambaliyar kogi da talauci. Ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1806 a zamanin Napoliyon, ta sami majalisar dokoki ta sosai a 1862, amma sarkin farko da ya tare a fadar Vaduz shi ne Franz Josef na Biyu, a 1938, shekarar da Jamus ta Hitila ta haɗiye Ostiriya.

Kundin da ake aiki da shi yau an kafa shi ne ranar 5 ga Oktoba, 1921. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa daular Ostiriya, kuɗinta ya zama takarda, mutanen Liechtenstein suka tsiyace. Suka tashi suna neman ɗan ƙasa ya shugabanci gwamnatinsu, a daina aiko musu baƙo. Sarki Johann na Biyu ya sauko aka sasanta. Sashe na biyu na kundin ya ce ƙasar masarauta ce ta gado bisa ginshiƙin dimokuraɗiyya da majalisa, kuma ikon ƙasa yana hannun sarki da jama'a tare. Duk rigimar da aka yi a shekaru ɗari da suka biyo baya a kan ma'anar wannan “tare” ɗin ce.

Yadda majalisa da gwamnati ke aiki

Majalisar dokoki, wadda suke kira Landtag, kujeru 25 ne. Yankin kudu, Oberland, yana da 15, yankin arewa, Unterland, yana da 10. Ana zaɓe duk shekara huɗu, ana raba kujeru daidai da yawan ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, amma sai jam'iyya ta kai kashi 8 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa kafin ta shiga rabo. 'Yan majalisar ba su bar sana'o'insu ba. Lauya ne, malamin makaranta ne, ma'aikacin banki ne, mai kamfani ne. Yakan je zama na 'yan kwanaki, ya koma bakin aikinsa. Wanda ya yi doka yau, gobe da shi za a tsaya a layin kanti.

Gwamnati mutum biyar ce: firaminista da ministoci huɗu. Majalisa ke gabatar da sunayensu, sarki ya naɗa, kuma dole kowane yanki cikin biyun ya sami aƙalla mutum biyu. Manyan jam'iyyu biyu, VU da FBP, su suka mamaye fagen, har ma sun yi gwamnatin haɗin gwiwa ba yankewa daga 1938 zuwa 1997. A zaɓen Fabrairun 2025 VU ta sami kujeru 10, FBP 7, DpL 6, Freie Liste 2, kuma daga nan Brigitte Haas ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin firaminista. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta zama ta ƙarshe a Turai wajen bai wa mata 'yancin zaɓe. Maza sun ƙi amincewa a 1971, suka sake ƙi a 1973, sai a 1984 suka yarda, shi ma da ƙyar, da kashi 51 da ɗoriya.

Ikon jama'a bai tsaya ga zaɓen wakilai ba. Mutum 1,000 idan suka sa hannu za su iya kawo ƙudurin doka, ko su nemi a kawo dokar da majalisa ta zartar gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama. Mutum 1,500 za su iya neman gyaran kundin tsarin mulki, ko a yi ƙuri'a kan rusa majalisa. Har manyan kuɗaɗen da gwamnati za ta kashe ana iya kawo su gaban akwati. Kuma suna amfani da wannan dama sosai. A 2024 kaɗai sun ƙi amincewa da shawarar a riƙa zaɓen gwamnati kai tsaye, sun amince ƙasar ta shiga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sun kuma yanke wa gidan rediyon gwamnati tallafi, abin da ya kai ga rufe shi.

Shekaru goma na ja-in-ja

Hans-Adam na Biyu ya gaji mahaifinsa a 1989. Masanin tattalin arziki ne, mai faɗar abin da ke ransa, kuma bai zo da niyyar zama sarkin bukukuwa ba. Ba a jima ba aka fara karo.

A 1992 ana shirin ƙuri'a kan shiga yankin tattalin arzikin Turai. Sarki yana son a yi ta kafin Suwizalan ta yi tata, gwamnati da majalisa suna son a jira. Ya yi barazanar sallamar gwamnati da rusa majalisa. Ranar 28 ga Oktoba mutane kusan 2,000 suka taru a gaban ginin gwamnati a Vaduz suna nuna rashin yarda, abin da ƙasar ba ta saba gani ba. Aka sasanta a ranar. Suwizalan ta ƙi shiga a farkon Disamba, mako guda bayan haka Liechtenstein ta amince, ta kuma shiga a 1995. A kan manufar dai lokaci ya nuna sarki ya hango daidai, domin kasuwar Turai ta buɗe wa kamfanonin ƙasar ƙofa. Amma an ga ɓaraka a kundin: idan sarki da majalisa suka saɓa, wa zai raba?

Wani alƙali ya yi ƙoƙarin ba da amsa, ya kuma biya farashi. A 1995 Herbert Wille, shugaban kotun harkokin mulki, ya gabatar da lacca inda ya ce kotun tsarin mulki ce ke da hurumin fassara kundin idan aka sami saɓani tsakanin sarki da majalisa. Sarki ya rubuta masa wasiƙa cewa ba zai ƙara naɗa shi wani muƙami ba. Da majalisa ta sake gabatar da sunansa a 1997, sarki ya cika alkawarinsa, ya ƙi. Wille ya kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, kuma a Oktoban 1999 kotun ta yanke hukunci cewa an tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Bayan an yi shekaru ana tattaunawa da majalisa ba a cim ma matsaya ba, sarki da ɗansa Alois suka bi hanyar da kowane ɗan ƙasa ke bi: suka tara sa hannun jama'a, suka kawo nasu gyaran kundin gaban akwati. Sarki ya faɗa a fili cewa idan aka ƙi, shi da iyalinsa za su tattara su koma Biyenna. Kwamitin Venice, wanda ke bai wa Majalisar Turai shawara kan tsarin mulki, ya yi gargaɗi a ƙarshen 2002 cewa gyaran koma baya ne ga dimokuraɗiyya. Ranar 16 ga Maris, 2003, kusan kashi 88 cikin 100 na masu zaɓe suka fito, kashi 64 daga cikinsu suka mara wa sarki baya.

Abin da kowa ya samu a 2003

Rabon fada mai kauri ne. Sarki na iya sallamar gwamnati baki ɗaya idan ya daina amincewa da ita, ya naɗa ta riƙon ƙwarya na 'yan watanni. Dokar da bai sa wa hannu ba cikin wata shida ta mutu, ko da jama'a ne suka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama. Yana iya kafa dokar ta-ɓaci, ko da yake an taƙaita ta zuwa wata shida kuma an hana ta taɓa wasu haƙƙoƙi irin su 'yancin rayuwa da haramcin azabtarwa. Shi ke shugabantar kwamitin da ke zaɓo alƙalai, kuma ba a gabatar wa majalisa sunan kowa sai da yardarsa. Idan majalisa ta ƙi wanda aka kawo mata aka kasa daidaitawa, sai ta fito da nata, jama'a su zaɓa. Shi kansa sarki ba a gurfanar da shi a kotu.

Rabon talakawa kuma ba kasafai ake ganin irinsa a masarauta ba. Na farko, mutum 1,500 na iya kawo ƙudurin rashin amincewa da sarki, a yi ƙuri'a a kai. Na biyu, mutum 1,500 na iya neman a soke sarauta. Idan jama'a suka amince, majalisa za ta tsara kundin jamhuriya ta kawo shi gaban akwati tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, sarki ma yana da damar kawo nasa kundin a zaɓa tsakaninsu, kuma a wannan gaɓar kaɗai hawa kujerar na-ƙi ba ta yi masa aiki. Na uku, kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 11 na ƙasar tana da 'yancin fara shirin ɓallewa idan mafi yawan mutanenta suka so, har da Planken, ƙauyen kan dutse da mutanensa ba su kai 500 ba.

Sai dai wanda ya duba da kyau zai ga ƙofofin nan ba faɗinsu ɗaya ba. Ƙuri'ar rashin amincewa da sarki ba ta tsige shi. Ana miƙa sakamakon ne ga gidan sarauta, mazan gidan masu ƙuri'a su zauna bisa dokarsu ta cikin gida su yanke shawara. Ita wannan doka ta gida, wadda aka sabunta a 1993, ita ke tsara gadon sarauta, ta keɓe shi ga maza, kuma majalisa ba ta da ikon taɓa ta. Ɓallewar ƙaramar hukuma ma sai an yi mata doka ko yarjejeniya, wadda za ta bi ta majalisa da teburin sarki. Ƙofar da take buɗe sosai ita ce ta soke sarauta gaba ɗaya. Wato an ba jama'a zaɓi tsakanin su karɓi sarauta da dukkan ƙarfinta ko su rabu da ita kwata-kwata. Rage mata ƙarfi kaɗan, wanda shi ne abin da masu suka ke nema, ba ya yiwuwa sai da sa hannun mai ƙarfin.

Gwajin 2011 da 2012

Tun 15 ga Agusta, 2004, Hans-Adam ya miƙa harkokin yau da kullum ga Yarima Alois mai jiran gado, shi kuma ya ci gaba da riƙe sunan sarauta. A hannun Alois aka gwada tsarin.

A 2011 wasu 'yan ƙasa suka kawo ƙudurin halatta zubar da ciki a makonni 12 na farko. Liechtenstein ƙasar Katolika ce, kundinta ma ya ba cocin matsayi na musamman. Kafin ranar ƙuri'a Alois ya sanar cewa ko jama'a sun amince ba zai sa hannu ba. Aka kaɗa ƙuri'a a watan Satumba, ƙudurin ya faɗi da kashi 52 cikin 100, fitowar masu zaɓe kuma ta yi ƙasa da yadda aka saba.

Masu karatu da yawa za su goyi bayan yariman a kan ainihin batun, kuma ina fahimtar dalilinsu. Amma hanyar da ya bi tana da illa. Idan aka gaya wa mutum tun kafin ya fita daga gida cewa ƙuri'arsa ba za ta canza komai ba, an kashe masa gwiwa, kuma ba wanda zai iya sanin abin da sakamakon zai kasance da an bar mutane sun yanke hukunci ba tare da wannan inuwa a kansu ba. Gobe batun na iya zama haraji, ko fili, ko shari'ar da ta shafi bankin gidan sarauta.

Wannan damuwa ce ta sa wasu suka kawo sabon ƙuduri: a cire wa sarki ikon ƙin dokar da jama'a suka amince da ita da kansu, a bar masa sauran. Fada ta ba da amsa irin ta 2003, cewa idan haka ta faru gidan sarauta zai janye daga harkar mulki. Ranar 1 ga Yuli, 2012, kashi 76 cikin 100 suka ƙi ƙudurin. Jama'a da hannunsu suka zaɓi a ci gaba da iya take musu hukunci.

Me ya sa suke riƙe da sarkinsu?

Ba tsoro ba ne, domin babu soja, babu ɗaurin siyasa, kuma ana sukar fada a jarida. Babban dalili shi ne abin da idonsu ya gani. Kakanninsu sun san yunwa da ƙaura zuwa ci-rani. Yau ƙasar na cikin mafi arziki a duniya idan aka raba da yawan jama'a. Guraben aiki sun fi mazauna ƙasar yawa, fiye da rabin ma'aikata kuma kullum suke tsallako iyaka daga Suwizalan da Ostiriya da Jamus. Kamfanin Hilti mai ƙera injinan gini yana Schaan, haka ma Ivoclar mai yin kayan haƙori. Mutane sun danganta wannan wadata da kwanciyar hankalin da sarauta ta kawo, ba sa kuma son taɓa abin da ke aiki.

Sannan sarkin ba ya cin kuɗinsu. Ba shi da albashi daga baitulmali. Gidan ya yi asarar filaye masu yawa da aka ƙwace a Cekoslobakiya a 1945, har ta kai a 1967 sun sayar da wani zanen Leonardo da Vinci ga gidan adana zane-zane na Washington kan kimanin dala miliyan 5. Hans-Adam ne ya farfaɗo da dukiyar ta hanyar bankin LGT, kuma yanzu ana lissafa gidan cikin mafi arzikin gidajen sarauta a Turai. Wannan ya ba shi 'yanci daga 'yan siyasa, amma ya kuma sa barazanar komawa Biyenna ta zama mai nauyi. A 2008, lokacin da aka gano cewa hukumar leƙen asirin Jamus ta sayi bayanan da aka sace daga wani reshen LGT aka bankaɗo masu ɓoye kuɗi don kauce wa haraji, an ga yadda sunan ƙasa da aljihun fada suka cakuɗe. Matsin lambar da ya biyo baya ya tilasta wa ƙasar sassauta sirrin banki.

Akwai kuma ƙanƙantar wurin. Inda kowa ya san kowa, jam'iyyu biyu kuma suka daɗe suna raba muƙamai a tsakaninsu, mutane da yawa na ganin sarki a matsayin birki ga 'yan siyasa. Amma ƙanƙantar nan ita ke sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya rubuta sunansa a takardar neman soke sarauta, alhali maƙwabcinsa ko mai gidansa a wurin aiki zai ji. Har yau ba a taɓa kai ƙasar ga ƙuri'ar soke sarauta ko ta rashin amincewa da sarki ba.

A ganina, ikon ƙin dokar da jama'a suka amince da ita ya wuce kima, kuma sanar da shi kafin ƙuri'a ya fi ikon kansa muni. Abin yabon tsarin shi ne komai a rubuce yake. Sarki ya san iyakarsa, majalisa ta san tata, talaka ya san sa hannu nawa zai tara da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A 2019, da majalisa ta yanke ƙauna daga ministar harkokin waje Aurelia Frick kan yadda ta kashe kuɗin ofishinta, an bi matakin da kundin ya tanada, wato amincewar majalisa da ta fada tare, aka sauke ta ba tare da ƙasa ta girgiza ba.

A nan ne labarin ya shafe mu. Sarkin Liechtenstein shugaban ƙasa ne, sarakunanmu kuwa ba haka suke ba, don haka ba wanda zai ce a kwafo tsarin. Amma a Najeriya, a Jamhuriya ta Farko, Jihar Arewa tana da Majalisar Sarakuna a Kaduna mai gurbi a tsarin mulki, kundin 1999 kuwa bai ba sarakuna wani aiki ba. An bar naɗi da tuɓewa ga dokokin jihohi, waɗanda ke iya sauyawa duk lokacin da gwamnati ta sauya. An ga sakamakon a Kano: an raba masarauta a 2019, an tuɓe sarki a 2020, an soke dokar rabon an mayar da shi a 2024, magana ta koma kotu. Ko da wane ɓangare mutum yake, ya san martabar sarauta da zaman lafiyar gari ne suka sha wahala. Duk lokacin da Majalisar Tarayya ta zauna gyaran kundin tsarin mulki, ya kamata ta rubuta a fili aikin sarki, da yadda ake naɗa shi, da laifin da zai sa a tuɓe shi, da wanda zai saurari ƙarar kafin a yanke hukunci.